Yadda ake canza gasket ɗin kan inji a tsohuwar Datsun Z, mataki bayan mataki

'Yan uwa masu tsofaffin motoci a Jidda da Makka da Madina sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: mota ta yi zafi, tana shan ruwa, makanike ya ce gasket ɗin kai, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok, ya ƙone, shin mutum zai iya yin aikin da hannunsa? Zai iya, matuƙar yana da wuri mai inuwa, da kayan aikin da suka dace, da mutum ɗaya da zai kama masa ɗaga kan injin. Na ɗauki Datsun Z ne saboda a kanta aka fi tambaya: 240Z mai injin L24, 260Z mai L26, da 280Z da 280ZX masu L28. Duka injin silinda shida ne a jere, bulok na baƙin ƙarfe, kai na alminiyam, kamshaf ɗaya a sama da sarƙa ke juyawa. Mai tsohuwar Laurel ko Cedric ko Patrol da ke ɗauke da injin wannan dangi ma zai amfana. Ware kwana biyu na aiki, ban da kwanakin da kan zai yi a makharata, wato shagon masu injin gyaran fuskar ƙarfe.

1. Tabbatar gasket ɗin ne

Kada ka kwance komai sai ka ga shaida. Da safe, injin yana sanyi, buɗe murfin lagireto, cika ruwa, ka tayar. Idan kumfa na ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri tun injin bai ɗumama ba, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Duba salansa: farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi alama ce. Zaro sandar awon mai, in ka ga ya koma ruwan shayi da madara, ruwa ya shiga. Cire fulogi shida ka jera su. Wanda ya fita fes fiye da 'yan uwansa, ruwa ne ke wanke shi.

Sannan ka auna matsin kowace silinda. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, misali ta 3 da ta 4, kusan kullum gasket ne ya tsage a tsakaninsu. Akwai kuma gwajin ruwan shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, ya koma rawaya idan hayaƙi na cikin ruwan. Warsha da yawa, wato garejin makanikai, a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, suna da shi.

Hattara: a wannan injin, murfin gaba na alminiyam yakan rube a bayan famfon ruwa, ruwa ya zube kai tsaye cikin mai. Idan mai ya gauraye amma matsin silinda shida lafiya lau kuma babu kumfa, cire famfon ruwa ka duba bayansa kafin ka taɓa kai. Kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto injin yana da zafi.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Soket daga 10 zuwa 19, da 27 na juya karanshaf. Alanki mai lamba 10 wanda ake sa wa hannun soket, mai kyau, domin notunan kai guda 14 duk ramin alanki gare su, kuma na banza zai murje ramin ya bar ka a tsaye. Sifanar awo, mai auna ƙarfin ɗaurin noti, wadda ta kai aƙalla Nm 150. Fila geji, miƙaƙƙiyar rular ƙarfe ta makanikai, abin kankara na roba, tef da maka, kwali, tsummoki masu tsabta, man fesawa na tsatsa, da wejin katako da za mu yi magana a kansa a mataki na 6.

Kayan saye: gasket ɗin kai, na manifol, na murfin bawul, na gidan tamostat, robobin bakin bawul, sabon tamostat, murfin lagireto, baƙin mai kusan lita 5 har sau biyu, filtar mai biyu, ruwan lagireto da ruwan batir wanda aka tace, jimilla kusan lita 10.

Faɗin silinda a L24 da L26 milimita 83 ne, a L28 kuma 86. Don haka kada ka sayi gasket da sunan mota, saya da sunan inji. Yawancin waɗannan motoci sun haura shekara 40, an sha sauya musu inji daga tashlih, wurin da ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu. Lambar injin tana gefen dama na bulok ta baya, ƙasan fulogi na 5 da na 6. Ta kai kuma, irin E31, E88, N42, N47 ko P79, tana tsakanin fulogi na 1 da na 2. Ɗauki hoton duka biyun kafin ka je shago.

Maganar kuɗi, gasket ɗin shi ne mafi araha a cikin aikin. Abin da ke cin aljihu shi ne makharata, da sabbin notuna idan tsofaffin sun ci tsatsa, da lagireto idan ya toshe. Mai odar kaya daga Amurka ko Japan ya lissafa dala a riyal 3.75, ya ƙara kuɗin jigila da harajin kashi 15 cikin ɗari. Shawarata, kada ka saki noti ko ɗaya sai kayan sun iso hannunka. Inji a buɗe yana jiran saƙo mako uku a ƙurar nan, wata sabuwar matsala ce. Gasket marar suna da ake sayarwa rabin kuɗi kuwa, bar wa mai shago abinsa.

3. Wuri da shiri

A hosh, wato tsakar gida, ko gareji mai rufi, ba bakin titi ba. Ban da ƙura, baladiyya, hukumar gari, ma ba za ta bar ka ba. In ba ka da wuri, nemi mai warsha ka biya shi kuɗin fili. Lokacin zafi, aikin bayan Asuba ko bayan Isha ya fi, domin ƙarfen da ya sha rana ba ya taɓuwa, mutumin da gumi ke shiga masa ido kuma ba ya ƙirga noti daidai.

Daren jajibiri, fesa man tsatsa a kan duk notunan manifol da na bututun salansa. Da safe ka sake. Cire wayar batir ta nagetif. Cire bonet gaba ɗaya idan kana so ka sake, amma zagaye hinjinsa da maka tukuna. Ɗauki hotuna ta kowane gefe, fiye da yadda kake ganin kana buƙata.

4. Zubar da ruwa da cire kayan waje

Zubar da ruwan lagireto, sannan ka nemi noton zubar da ruwa da ke gefen bulok ka buɗe shi ma. Wanda ya tsallake wannan, yana ɗaga kai ruwa zai kwarara cikin silinda da ramukan notuna. Idan ka cire noton bai zubo ba, laka ce ta toshe; soka waya.

Cire tiyon sama, gidan tamostat, tiyon hita da ke bayan kai, wayoyin fulogi, wayar awon zafi, da sandar totur. Kowace waya da kowane siririn tiyo, manna tef ka rubuta inda ya fito. A mota mai kabureta biyu, cire famfon fetur da ke gaban kai ta dama. A 280Z da 280ZX masu injekta, fetur yana da matsi ko da mota a kashe take, don haka naɗe bakin tiyon da tsumma ka sassauta a hankali, babu sigari kusa. Soket ɗin wayoyin injekta sun bushe da tsufa, lallaɓa su.

Manifol ɗin shiga da na fita duka a gefen hagu suke, gasket ɗaya suke rabawa, kuma wasu notunan masu kaurin washa suna danne su biyun tare. Waɗannan washoshi ba sa samuwa da sauƙi, zuba su a gwangwani daban. Notunan da ke can ƙarshen gaba da baya su ne suka fi karyewa. In ɗaya ya ƙi, kada ka hau shi da ƙarfi: ɗan ɗaura, ɗan sassauta, fesa mai, jira. In ya karye duk da haka, ba tashin hankali ba ne, tunda kan zai je makharata su ciro guntun.

Daga nan sai murfin bawul.

5. Tsayar da inji a kan silinda ta ɗaya

Silinda ta 1 ita ce ta kusa da lagireto. Cire fulogi duka don injin ya yi sauƙin juyawa, sa giya a firi, ɗora soket 27 a noton karanshaf, ka juya yadda hannun agogo ke tafiya idan kana tsaye a gaban mota. Tsaya inda tsagar fule ta zo daidai da 0. Abubuwa biyu za su tabbatar maka: ƙullutun kamshaf biyu na silinda ta 1 suna kallon sama, ɗaya hagu ɗaya dama, kuma rotar distirbuta tana nuna wayar fulogi ta 1. Idan ƙullutun suna kallon ƙasa, ƙara zagaye ɗaya cikakke.

Yanzu leƙa giyar kamshaf. Tana da ramuka uku masu lamba 1, 2, 3, kuma ɗan ƙarfen da ke bakin kamshaf yana cikin ɗaya. Rubuta wanne. Ta cikin tagar giyar za ka hango wata tsaga mai siffar V a jikinta da wata 'yar doguwar alama a farantin da ke baya. Ɗauki hoton yadda suke. Goge mai, ka sa fenti a kan haƙorin da ke daidai wannan lambar a bakin giyar da ƙwayar sarƙar da ke kansa.

6. Wejin sarƙa

Nan ne aikin kwana biyu yake komawa na mako guda, don haka karanta sau biyu.

Can ƙasa, a bayan murfin gaba inda hannu ba ya kaiwa, akwai tenshina: ɗan fistin mai sifirin da ke tura sarƙa don ta ɗame. Sarƙar ce kaɗai ke riƙe da shi a cikin gidansa. Da zarar ka cire giyar kamshaf sarƙa ta saki, sai ya fito waje ya karkace, kuma babu dabarar mayar da shi daga sama. Sai an cire lagireto, fanka, fule, famfon mai, distirbuta da murfin gaba kaf. Abin da ke hana wannan shi ne weji da ake turawa tsakanin ɓangarori biyu na sarƙar, ya danne ta a jikin tenshina.

Ana sayar da na roba da aka yi don wannan inji, in ka samu shi ya fi. In babu, kafinta zai yanka maka daga katako mai tauri: tsawonsa ya ɗan fi taki ɗaya, siriri a ƙasa, yana faɗaɗa zuwa sama. Kada a yi shi da falwaya ko katako mai ɓarewa, domin duk ɓarɓashin da ya faɗa a cikin mai zai ƙare. Huda rami a samansa ka ɗaura igiya mai ƙarfi, saboda bayan an mayar da kai da igiyar nan kaɗai za ka fizgo shi.

Tsarin shi ne wannan. Da farko riƙe kamshaf da babbar sifana a wurin da ba ƙullutu ba, ka karya ƙarfin noton giyar, amma kada ka cire shi. Duba ko tsagar fule tana nan a kan 0. Tura wejin ta tsakiyar sarƙa har ƙasa, ka ɗan buga shi da ƙotar guduma ya zauna daram. Ja igiyar kaɗan. Idan ya motsa, bai zauna ba. Sai yanzu ka cire noton, ka zame giyar daga kamshaf, ka fitar da ita daga sarƙa. A mota mai kabureta akwai wani ɗan kofi da ke tura famfon fetur a gaban giyar, lura da yadda yake zaune. Ɗaure sarƙar da waya ta tsaya sama, ka cusa tsumma a bakin ramin don kada noti ko washa ya faɗa.

Daga wannan lokaci har ka mayar da giyar, ba a juya karanshaf, ko kaɗan. Faɗa wa duk wanda ke taya ka, har yaran gida. Mota ta zauna a firi da weji a taya, domin in tana cikin giya wani ya jingina ya tura ta, injin ya juya ke nan.

7. Kwance notunan kai da ɗagawa

Kafin manyan, akwai ƙananan notuna biyu a can gaba da suka haɗa kai da murfin gaba. Datti yakan rufe su, mutane su manta, su yi ta ɓamɓarar kai har murfin ya tsage. Su za ka fara cirewa.

Manyan 14 kuma sai injin ya huce sarai. Share ramin kowanne da tsinke don alanki ya shiga har ƙasa. Fara daga bakin gaba da na baya kana shigowa tsakiya, rubu'in zagaye a karon farko, rabi a na biyu, sannan ka kwance gaba ɗaya. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogayen suna bi ta cikin ginshiƙan da ke riƙe kamshaf. Zana hoton kai a kwali, huda ramuka 14, kowane noti ya shiga gurbinsa da washarsa. Ginshiƙan kansu kada ka kwance su. A jere aka huda su tun daga masana'anta, mayar da su daidai aikin gwani ne.

Idan noti ya yi nauyi yana ƙara, tsatsa ce ta kama shi. Yi masa irin haƙurin da ka yi wa na manifol. Wanda ya karye a cikin bulok ya fi wanda ya karye a kai wahala nesa ba kusa ba.

Ku biyu za ku ɗaga, ɗaya gaba ɗaya baya, a miƙe sama, ana zura sarƙa ta ramin. In ya manne, buga gefensa da gudumar roba. Kada ka cusa sukurdireba tsakanin kai da bulok. Ajiye shi a kan katako biyu, ko ka kwantar da shi ta gefe, domin wasu bawul a buɗe suke sun leƙo ƙasa, nauyin kan zai lanƙwasa su.

8. Karanta tsohon gasket, sannan ka share

Kada ka yar da shi tukuna. Duba zoben ƙarfen da ke kewaye da kowace silinda: inda ya yi baƙi ko ya tsage, nan wuta ta bi. In ka ga gasket ɗin lafiyarsa ƙalau alhali mota na shan ruwa, to zargi ya koma kan tsagewar kai.

Cusa tsumma a silindar da fistin ɗinsu ke ƙasa, da ramukan mai. Kankare fuskar bulok har sai farcenka bai ji komai ba, ka goge da tina. Samfefa da burushin inji suna barin yashi da ke gangarawa cikin mai, kuma suna cin fuska ba daidai ba, musamman alminiyam. Akwai ƙaramin ramin da mai ke hawa zuwa kai ta cikinsa, tabbatar a buɗe yake. Akwai kuma zobba biyu da ke saita zaman kai a kan bulok. Wani lokaci sukan bi kai su fita, nemo su.

Ramukan notuna 14 su ne abin da aka fi rainawa. Busa su da iska har su bushe, ka bi da tsohon noti da aka yi wa tsaga a jiki don ya kwaso datti. Ruwa ko mai da ya kwanta a gindin rami zai sa sifanar awo ta ce ya ɗauru alhali bai danne gasket ba, wani lokaci ma ya tsaga bulok. Kowane noti ya shiga da yatsu har ƙasa. Wanda jikinsa ya rame ko tsatsa ta cinye, canza shi.

9. Makharata

Ɗora rular a fuskar kai a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, kana gwada zura fila geji a ƙarƙashi. Iyakar da littafin Nissan, kamfanin da ya ƙera Datsun, ya bayar ita ce milimita 0.1. Yi wa bulok ma haka. Kai mai tsawon silinda shida da ya sha zafi da wuya ya fito a miƙe, don haka ko awonka ya nuna lafiya, ni dai ina ganin a kai shi a gwada.

Abu uku za ka nema, ka tambayi kuɗin kowanne daban kafin ka bar kan a wurin: gwajin matsi don gano tsagewa, gyaran fuska, da zaman bawul tare da sabbin robobinsu. Gwajin matsi shi ne farko, domin babu amfanin biyan kuɗin gyaran fuskar kan da ya tsage. Idan mai makharatar ɗan uwa ne, ka ce masa, “Malam, don Allah a auna kafin a ci, kuma a rubuta mini nawa aka cire.” In ba Bahaushe ba ne, faɗa masa da Larabcin da kake da shi, ka sa ya rubuta a takarda. Dalili shi ne littafin ya ƙayyade abin da za a ci daga kai da bulok a haɗe kada ya wuce milimita 0.2, kuma ba ka san sau nawa masu motar na baya suka kai shi ba. Duk abin da aka ci yana kusanto da kamshaf zuwa karanshaf, sarƙa ta yi sako-sako, tayimin ya koma baya, matsin silinda kuma ya ƙaru, injin ya fara ƙwanƙwasa a zafin rana. Idan an wuce iyaka, akwai gasket mai kauri, akwai kuma siraran faranti da ake sawa ƙarƙashin ginshiƙan kamshaf.

Wani abin da ba kowane mai makharata ke kula da shi ba: kan da ya lanƙwashe, samansa ma ya lanƙwashe. In aka gyara ƙasa kawai, kamshaf zai riƙa cijewa a gidansa. Ka ce a cire rokoki, ƙarafan da ke tsakanin kamshaf da bawul, a juya kamshaf da hannu. Ya kamata ya juya sumul. Idan yana cijewa, sai an miƙar da kan da zafi kafin a ci fuskarsa. Rokokin kuma a jera su da lamba, kowanne ya koma kan ƙullutunsa.

Idan kan ya tsage ko ramukan ruwansa sun rube har bakin silinda, sai neman wani. Tashlih na Jidda ko na Riyad wurin dubawa ne, amma je da hoton lambar kanka, kuma ku yi sharaɗin mayarwa idan ya faɗi gwajin matsi.

Tsofaffin kawuna suna da siririn bututu a gefen kamshaf da ke fesa masa mai. Busa shi ka ga kowane rami na fitarwa, ka duba ko ya tsage a mahaɗa.

10. Ɗora sabon gasket da ɗauri

Gwada sabon a kan bulok ka ga ramin mai da na notuna sun hau daidai. A bushe ake sa shi, ba giris, ba gam, sai ɗigo kaɗan na silikon a wurare biyu da bulok ya haɗu da murfin gaba. Cire tsummokin silinda, ƙirga su.

Hattara: kafin kai ya sauka, mayar da kamshaf yadda yake a mataki na 5, ƙullutun silinda ta 1 suna sama. Fistin na 1 da na 6 suna can ƙoli, in kamshaf ya juya bawul zai sauka a kansu.

Ku sauke shi a hankali a kan zobban nan biyu, ba tare da jan sa a kan gasket ba. Shafa ɗan mai a haƙoran kowane noti da ƙarƙashin washarsa, shafawa kawai, ba tsomawa ba. Ɗaura daga tsakiya kana fita, hagu da dama, gaba da baya, a zagaye uku: Nm 40, sannan 60, sannan na ƙarshe wajen 80, kada ya wuce 83. Idan takardar da ta zo da gasket ko sabbin notuna ta faɗi wani adadi, bi nata. Ja sifanar a hankali ba fizga ba. Kammala da ƙananan biyun gaba.

11. Mayar da giya da cire weji

Sa giyar cikin sarƙa, fenti a kan fenti, ka ɗaga ta zuwa bakin kamshaf a ramin da ka rubuta. In ta rage kaɗan ta hau, ɗan motsa kamshaf da sifana. In kuwa ta rage da yawa, sarƙa ta ƙi miƙewa, kada ka sa ƙarfe ka ɓamɓara: tenshina ya fito, sai buɗe murfin gaba. Idan ta hau, sa noton, sannan ka ja igiya ka fitar da weji da tsumman da ka cusa. Ɗaure noton da sifanar awo a adadin da littafin shekarar motarka ya bayar, kana riƙe da kamshaf.

Juya injin da hannu zagaye biyu cikakku ka dawo 0. In ka ji ya tokare, tsaya nan take. Duba V da doguwar alamar: idan V ta koma hagun alamar gaba ɗaya, tayimin ya yi baya, sai a sake sa weji a matsa zuwa rami na gaba, misali daga na 1 zuwa na 2, ƙwayar sarƙar mai fenti kuma ta koma kan wannan sabuwar lambar da ke bakin giyar. Kowane rami yana gyara digiri 4.

12. Saitin bawul

A sanyi: na shiga milimita 0.20, na fita 0.25. Sifana 17 ke sassauta makulli, 14 ke saitawa, kuma ana aunawa ne tsakanin roka da ƙullutu lokacin da ƙullutun ke kallon sama. Ɗaure makulli yakan canza awon, sake gwadawa bayansa. Zuba mai a kan kamshaf kafin ka rufe.

13. Haɗawa da tayarwa

Manifol da sabon gasket, ɗauri daga tsakiya. Wayoyin fulogi a jerin 1-5-3-6-2-4. Zubar da tsohon mai, sa sabo da filta. 20W-50 ya dace da tsohon inji a yanayinmu. Ruwa kuwa rabi ruwan lagireto rabi tataccen ruwa. Ruwan famfo ko na tanki shi ne yake cinye alminiyam ɗin nan tun farko. Buɗe hita, cika a hankali, bar murfi a buɗe har tamostat ya buɗe iska ta fita.

Kafin ka sa fulogi, cire wayar koyil ka juya da sitata har fitilar mai ta mutu ko allurarsa ta motsa. Sannan ka tayar. Ɗan hayaƙi daga jikin manifol na mintunan farko ba komai ba ne. Idonka a kan allurar zafi da ƙasan mota. Idan injin ya kai zafinsa na aiki, kashe, sake auna bawul: na shiga 0.25, na fita 0.30. Idan ruwa ya taɓa shiga mai, sake canza mai da filta bayan 'yar gajeriyar tafiya, abin da ya sa na ce a sayi biyu ke nan.

14. Abin da ya ƙona na farko, da ɗauri na biyu

Gasket ba ya ƙonewa haka kawai, kuma sabon ba zai jure abin da tsohon ya kasa jurewa ba. Kai lagireto a buɗe shi a soke bututunsa ko a sauya saƙarsa. Murfinsa ya zama mai lambar matsi 0.9. Injin a kashe kuma da zafi, juya fanka da hannu: in ta yi ta juyawa ba turjiya, kulocinta ya mutu, kuma wannan ne ke sa mota zafi a cunkoson Jidda alhali a babbar hanya lafiya take. In rumfar da ke kewaye da fanka ta ɓata, nemo wata. Duba famfon ruwa da fanbel. Masu cire tamostat su yar wai don ƙasar zafi ce, ban goyi bayansu ba. Akwai mai buɗewa a digiri 76.5 maimakon 82, sa shi. A saita wuta da fitilar tayimin, a duba kabureta ko injekta kada fetur ya yi ƙaranci, domin duka biyun suna ƙara zafi a cikin silinda.

Makon farko yi tafiyar cikin gari, kana duba ruwa kowace safiya kafin ka tayar. Bayan kamar kilomita 1,000, bar motar ta kwana, ka buɗe murfin bawul da safe, ka bi notunan kai ɗaya bayan ɗaya daga tsakiya: sassauta kaɗan, mayar zuwa adadin ƙarshe, sannan na gaba. Kada ka sassauta biyu a lokaci guda. Sake auna bawul, tunda ɗaurin yana taɓa su. Hawan Hada zuwa Ɗa'if da tsakar rana a bar shi sai bayan wannan ɗauri, kuma ranar da za a hau a tafi da galan na tataccen ruwa a but.